Na je Kremona jin goge ɗan shekara ɗari uku

Tun rasuwar Baba akwai wani kiɗan goge na Turawa da ya maƙale min a waya, Chaconne na Bach, wani Bajamushe mai rubuta kiɗa, in na tashi daga aiki shi ne a kunnena har gida. Mutum ɗaya ne da gogensa, ba ganga ba waƙa. To ranar wata Asabar cikin hunturu na ce bari dai in je Kremona, garin nan na Italiya da Antonio Stradivari ya yi ta sassaƙa goge har ya rasu a 1737, in ji yadda abin yake ba ta iyafis ba.

Daga tashar Milano Centrale na hau jirgin ƙasa mai zuwa Mantova, awa ɗaya da 'yan mintuna ne, ana bi ta Lodi da Kodonyo. Hazo ya rufe gonaki ruf, kan bishiyoyi kawai kake hange. Rikodin biyu gare ni na kiɗan nan, ɗaya minti 13 da wani abu, ɗayan ya kusa 17, kuma wallahi in ba an faɗa maka ba sai ka rantse ba abu ɗaya suke kaɗawa ba. Mai saurin yana tafe da ƙarfi kamar wanda ya ƙudurta wani abu a ransa, kana jin bugun nan uku uku, na biyun ya fi nauyi, ka tuna asalinsa kiɗan rawa ne. Mai jan lokacin kuwa kowane sauti sai ya bari ya mutu kafin ya ɗauko na gaba, kamar tsoho yana ba da labarin da ba ya son tunawa. Shi Bach da ya rubuta shi wajen 1720 bai sa ko kalma ɗaya ta saurin da yake so ba, suna kawai ya rubuta a sama, shi ya sa kowa da yadda yake ɗaukarsa. Ni kam na jan lokacin na fi so, har muka wuce Kodonyo shi nake maimaitawa.

Daga tasha na taka da ƙafa, garin ƙarami ne. Hasumiyar Torrazzo ta jan bulo, mita 112, ita ke maka jagora. Abin da ya tsayar da ni shagunan masu sassaƙa ne, lungu lungu, na leƙa wani ta gilashi na ga dattijo riƙe da allon bayan goge, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya kara a kunne, ya kankare kaɗan da wani ɗan ƙarfe, ya sake ƙwanƙwasawa. Na fi minti goma a tsaye cikin sanyi. Bakan da ake gogawa ma izgar doki ce, ana shafa mata ƙaro, irin dai na masu gogen gida.

Gidan tarihin goge, Museo del Violino, a 2013 aka buɗe shi. A nan aka ba mu labarin yadda a Janairun 2019 aka rufe titunan da ke kewaye aka roƙi mutanen gari su rage hayaniya, saboda ana naɗar sautin tsofaffin gogen ɗaya bayan ɗaya, ƙarar mota a kan duwatsun titi kaɗai tana ɓata aikin.

Sai aka shigar da mu zauren sauraro, duk katako ne, dandamalin a tsakiya. Aka fito da ɗaya daga cikin na Stradivari aka miƙa wa wata matashiya, da na ji sautin farko gabana ya faɗi, ashe Chaconne ɗin nan za ta kaɗa. Kiɗan a re minore yake, haka 'yan Italiya ke kiran wannan zubin sautin, mai duhu ne mai nauyi, kuma 'yar gajeriyar jimla ɗaya ce ake ta juyawa sau sittin da wani abu, kowane juyi da kamarsa. Ita da sauri ta ɗauke shi, ya fi wanda na saba, da farko har raina bai so ba. Amma bayan ta kai ƙololuwa, bakan yana yawo a kan tsirkiya huɗu kamar mutum uku ne ke kaɗawa, sai ta tsaya cak, na ji fitar numfashinta daga inda nake zaune, sannan ta shiga re maggiore, wato zubin mai haske, a hankali, can ƙasa ƙasa. 'Yan sautuka ne fa aka ɗaga kaɗan a cikin zubin, amma kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a kulle. Saurin da ta yi a baya shi ya sa wannan wurin ya zauna min, a rikodin ɗina mai jan lokaci ban taɓa jinsa haka ba.

Ana cewa a shekarar 1720 Bach ya dawo daga tafiya ya tarar matarsa Mariya Barbara ta rasu har an binne ta. Ni ma ina nan Italiya aka kira ni aka ce an kai Baba. Da kiɗan ya koma duhunsa na farko don ƙarewa ban iya ɗaga kai ba, wata tsohuwa a gefena ta miƙo min tishu ba ta ce komai ba.

A jirgin dawowa na saka mai minti 13 ɗin, na saurare shi har Lodi.