Jif ɗin gona a kan kwalta

Jiya na dawo daga gona ta wajen Kujama a jihar Kaduna, wallahi sai yanzu na gane maganar da bakanikena na Panteka yake min tun bara, cewa abin da ya dace da hanyar gona ba lallai ya dace da kwalta ba. Ruwan Agusta ya maida hanyar gonar taɓo zalla, da can ƙaramar jif ɗina sai dai in aje ta bakin titi in hau acaɓa, don cikinta na ƙasa kuma tayoyin gaba kawai ke ja. Wannan karon da Prado na shiga, na sa giyar 4L, wato giyar ƙarfi ta shiga taɓo, ta dinga takawa a hankali ƙafa huɗu na ja, ko cijewa bata yi ba.

Amma fa a kwalta labarin daban ne. Ina hawa titin Kachia tayoyin nan masu manyan haƙora da na sa suka fara guu, sitiyari baya bin hannu kamar da, ga ta da tsayi, in ka sha kwana da gudu sai ka ji ta kwanta gefe ɗaya. Bodinta a kan shasi yake zaune irin na Hilux, shi ya sa take jure gargada, shi ya sa kuma take da nauyi, birki ma sai ka fara takawa da wuri. Mai kuwa ba a magana.

Oga bakanike ya ce "Alhaji kwana nawa kake gona a wata?" Huɗu ne. Sauran duk Kawo zuwa ofis ne da kai yara makaranta. Ranar Asabar in sha Allah zan koma taya mai matsakaicin haƙori, buhuna kuma na daina ɗora su a saman mota.