Kafin ka sauka Malabo, ka iya lissafi da Sifaniyanci

Ɗan kasuwar Maradi da ya nufi Gini Ikwatoriya yakan dogara da Faransancinsa. Gaskiya ne Faransanci harshen hukuma ne a can, haka ma Fotugisanci, amma a makaranta da ofis da gidan rediyo Sifaniyanci ne ke aiki, gadon mulkin Sifaniya da ya ƙare a 1968.

A birnin Bata, a ɓangaren ƙasar da ke manne da Kamaru da Gabon, 'yan ƙabilar Fang ne suka fi yawa, kuma "mbolo" ɗaya ta gaisuwa tana buɗe fuska. Malabo kuwa tsibirin Bioko take, ƙasar ƙabilar Bubi, amma harshen titi shi ne Pichi, ɗan uwan Krio na Saliyo, wanda ya shigo tun 1827 da Turawan Ingila suka kafa zango a wurin. Duk wanda ya taɓa sayayya a Legas zai ji "wetin", "pikin", "chop", "sabi" ya gane. Sai dai kada ya saki jiki, don ba Turancin Legas ba ne: ana cikin magana sai a zubo Sifaniyanci, musamman wajen lambobi da ranakun mako.

Nan ne asara take. Mu da dala muke ƙirga, dala ashirin sefa 100 ce, jikka 1.000. Can babu dala, adadin da aka faɗa shi ne kuɗin. "Cien" 100, "quinientos" 500, "mil" 1.000. Kunne yana ruɗewa tsakanin "sesenta" 60 da "setenta" 70, da kuma "dos" 2 da "doce" 12, balle a hayaniyar kasuwa. Ka sa a rubuta maka farashin a waya ko takarda kafin ka ce ka sallama, ba abin kunya ba ne. Sefarsu ma ta Afirka ta Tsakiya ce. Darajarta ɗaya da tamu, amma takardun daban ne, sai ka canza.

Akwai 'yan kalmomin da ya kamata Alhaji ya riƙe. "Abacería" ƙaramin kanti ne na unguwa, "guachimán" mai gadi. "Topé" bammi ne, "malamba" kuma giyar rake. Idan aka miƙo maka ɗayansu cikin girmamawa, "no, gracias" ta isa.