Daga firam 22 zuwa 60, a daren jiya

'Yan'uwa, jiya wajen ƙarfe ɗaya na dare sandunan da nake haɗawa a kwamfuta suka zauna daram a firam 60, wato hoto 60 a daƙiƙa. Ni kaɗai a ɗaki nan Tudun Wadan Gombe, amma sai da na yi tafi.

Kun dai san sandunan nan masu rawa da sauti da nake haɗawa a TouchDesigner, manhajar haɗa hotuna masu motsi kai tsaye, domin dinar ƙanena. Sati uku suna hana ni barci. Kalangu zai buga, sai sandunan su yi cik, su yi tsalle bayan kiɗan ya wuce. Firam 22 a daƙiƙa, wani lokacin 18.

Da fari zafi na ɗora wa laifi, don laftof ɗin huci take kamar murhu. Na sayo fankar da ake ɗora ta a kai, naira 15,000, ta ƙara mini firam biyu kacal. Har yanzu kuɗin nan na ci mini rai.

Sai da na haƙura na buɗe Performance Monitor, tagar da ke nuna lokacin da kowane sashe na aikin ke ci. Mai son firam 60, milisakan 16.7 ne kasonsa a kowane firam, ni kuwa Copy SOP ɗina, sashen da ke kwafin akwatunan da ke zama sandunan, shi kaɗai yana lashe sama da 30. SOP, wato sashen ƙera siffofi, a kan CPU, ƙwaƙwalwar kwamfutar, yake aiki, kuma tunda sauti ba ya tsayawa, kowane firam sai ya sake ƙera akwati 2,048 daga tushe ya aika wa katin hoto, wato GPU. Shi kuma GPU yana zaune ya naɗe hannu! Na goge Copy SOP, na bar akwati ɗaya tak a cikin Geometry COMP, sashen da ke riƙe siffar da za a zana, na kunna instancing, wato GPU ya riƙa maimaita akwatin ɗayan da kansa. Abin da Audio Spectrum CHOP, mai mayar da sauti lambobi, ke fitarwa na rage shi zuwa lambobi 256 da Resample CHOP, mai sauya yawan lambobi, shi ke ba kowace sanda tsayinta. Wallahi ido bai ma ga bambanci ba. Na sa Lag CHOP, mai jinkirta motsi, kaɗan don saukar sandunan ta yi laushi, amma tashinsu na bar shi sifili, in ba haka ba kaifin kalangun ya tafi.

Ku riƙa danna F1 kafin ku auna, ya bar muku hoton aikin kaɗai, don ƙananan tagogin nan na cikin network, wato filin da ake jona sassan, su ma suna cin nasu.

Saura matsala ɗaya: da an ɗauke wuta laftof ɗin ta koma batir, sai ta faɗo firam 35. Dinar ranar Asabar ce, gobe zan gwada ta a kan janareton maƙwabcinmu.