Abin da na koya daga tarihin MECC

A nazarin da na yi kan yadda kwamfuta ta shiga makarantu, tarihin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na MECC, hukumar da jihar Minnesota ta Amurka ta kafa a 1973 domin makarantunta su ci moriyar kwamfuta.

Manhajarta mafi shahara, wasan kwamfuta mai suna The Oregon Trail, a aji ta samo asali. Ɗalibai uku masu koyon aikin malanta, Don Rawitsch da Bill Heinemann da Paul Dillenberger, su suka rubuta ta a 1971, saboda Rawitsch yana neman hanyar da yaran ajinsa a Minneapolis za su gane irin wahalar da masu ƙaura zuwa yammacin Amurka suka sha a ƙarni na 19. Ko allon kallo babu a lokacin. Na'ura ce ke buga tambaya a takarda, yaro ya yanke shawarar nawa zai kashe a kan shanun jan amalanke da abinci da harsashi, idan kuma farauta ta kama, sai ya yi sauri ya buga kalmar BANG, wato ƙarar harbin bindiga a Turance. Da zangon karatu ya ƙare aka goge manhajar, amma Rawitsch ya adana ta a takarda, ya sake shigar da ita bayan ya kama aiki a MECC a 1974.

A nan na fahimci cewa wanda ya tsaya a gaban yara, ya ga inda hankalinsu ke guduwa, shi ya fi cancanta ya tsara abin da za a ba su. Tsarin cinikin hukumar ma na masu sanin halin makaranta ne: makaranta ta biya kuɗin shekara, sannan ta kwafi manhajojin gwargwadon buƙatarta, ba sai ta sayi faifai ga kowace kwamfuta ba.

Abin da ya biyo baya yana damuna har yau. Jihar ta sayar da MECC a 1991 kan dala miliyan 5.25, sannan a 1995 kamfanin SoftKey ya saye ta da hannun jari na kimanin dala miliyan 370. A ganina, tun daga nan ra'ayin masu zuba jari ya rinjayi na malamai. Mattel, mai ƙera kayan wasan yara, ya haɗiye kamfanin da ya sayi MECC ɗin a 1999, kuma a shekarar aka rufe ofishin MECC da ke Minnesota.