Abin da na fito da shi daga ofishinmu na Agege

Tun da na miƙa makullai abokan aiki ke ta kira suna tambaya ko maganar shafin intanet ɗin da na gina wa ofishinmu ce ta sa na ajiye aiki. Ita ce. Na ga gara in rubuta yadda aka yi, saboda yaran da ke shigowa wannan sana'a ta gina shafukan intanet a Legas suna yi wa 'yan kasuwarmu aiki, mutanen da kuɗi ke hannunsu amma ba su san cikin kwamfuta ba sai abin da na kusa da su ya faɗa musu.

Da Alhaji, mai gidanmu, ya ce a buɗe shafin da za a riƙa sa farashin kayan gwari na Mile 12 da labaran jama'armu, hanya uku na kai masa a rubuce. Akwai Blogger na Google, kyauta ne, ba ruwanka da hayar sabar, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet, sai dai idan aiki ya girma zai matse ka. Akwai WordPress.com, inda kamfani ke riƙe maka komai, amma abubuwan da muke buƙata sai an biya, kuma kuɗin waje ne. Ta uku ita ce a sauko da manhajar WordPress kyauta, a kama hayar sabar a nan gida, a sayi suna mai .com.ng a hannun dillalan da NiRA, mai kula da sunayen .ng, ta amince da su, duk a biya da naira. Ita na ba da shawara, don a lokacin bankuna sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma sun rufe gaba ɗaya. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, mu ko a jikinmu. Ba wanda ya taɓa tuna mini da wannan, ni dai na sani.

A kan tim aka samu matsala, wato rigar da shafin zai sa. Ni mara nauyi nake so, irin Astra ko GeneratePress na kyauta, ko ma wanda WordPress ke zuwa da shi. Masu karanta mu ba a ofis suke ba. Dillali ne tsaye a gindin tirelar albasa da ƙaramar Itel ko Tecno, ya sa datar ɗari biyu, yana so ya ga kuɗin kwandon tumatir kafin ya kira Kano. Manaja kuwa ya ga wani tim a ThemeForest, kasuwar sayar da tim ta intanet, mai hotuna suna zamewa, kalar manyan jaridu, ya ce shi ko babu. Kuɗinsa kusan dala 60. Sai ya ce ba sai an saya ba, ƙanin matarsa da ke Computer Village zai kawo a filashi.

Na ce, "Yallaɓai, banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya fasa lasisin tim ya raba kyauta ba sadaka yake yi ba, ƙofa yake bar wa kansa a ciki. Kuma ba za mu riƙa samun sabuntawa ba."

Ya ce, "Kai ka cika tsoro. Sa kawai, ni na ce."

Na maimaita masa a WhatsApp don ya zama a rubuce, ya karanta bai amsa ba, na sa.

Tun ranar farko aibinsa ya fito. Haruffan kanun labarai ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga harafi ɗaya ya fito siriri a tsakiyar kalma, a wasu wayoyin ma ɗan akwati ne ke fitowa. Na ce a canza salon haruffan zuwa Noto, wanda ke ɗauke da haruffanmu, ya ce kyan shafin zai ɓaci, a riƙa rubutu ba lanƙwasa. A kwamfutarsa da wayifai komai na buɗewa nan take, a kasuwa kuwa mutum zai yi ta kallon farin allo har ya gaji.

Babban abin ya zo daga baya. Duk wanda ya nemo mu ta Google a waya, sai a wuce da shi shafin caca, wani lokacin na batsa. Mu da muke shiga da kalmar sirri ba ma ganin komai, domin haka aka tsara ƙwayar cutar da ta shiga shafin. Wani dattijo daga masallacin unguwa ne ya kira Alhaji yana salati. Kafin yamma Chrome ya fara nuna jan allon gargaɗi a kan sunanmu.

Aka tara mu. Manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ne ya dage sai WordPress. Ni da a Facebook muka tsaya." Manhajar da take nan tun 2003, wadda sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke kanta, ita aka ɗora wa laifi, ni kuma na ɗauka tare da ita. Ban tanka a gaban jama'a ba, don ba a yi mini tarbiyyar kunyata babba ba. Bayan an watse na nuna wa Alhaji saƙon. Ya karanta har ƙarshe, ya ce, "Ka yi haƙuri, gaba yake da kai." Wannan ta fi maganar manajan yi mini ciwo, har yau.

Ni na kwana a kan gyaran. Na tarar da dogon layin haruffa a cakuɗe a ƙasan functions.php, ɗaya daga fayilolin tim ɗin, da wani asusun mai kula da shafi da ba mu muka buɗe shi ba. Na goge komai, na dawo da rubuce-rubucen daga kwafin ajiyar da nake yi ba tare da an sa ni ba, na sa tim mara nauyi, na nemi Google ta sake dubawa ta Search Console, dandalinta na masu shafuka. Da jan allon ya sauka, a gabana aka yi wa manaja sannu da ƙoƙari. Kuɗin ƙarin hayar sabar na watan kuma daga albashina aka cire.

Sauran darussan da na fito da su ba su da tsawo. Sunan shafi a yi rajistarsa da sunan mai shi da imel ɗin ofis, ba na ma'aikaci ko ɗan'uwan wani ba. Kwafin ajiya kada ya zauna a sabar da shafin yake. Gyaran tim a yi shi a kan ɗan tim, wato ƙaramin tim da ake ɗorawa a kan na asali, in ba haka ba sabuntawa za ta share shi. Kowane fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi, da ba a amfani da shi a cire. Kafin a nuna wa mai gida tim, a buɗe shi a wayar da ta fi kowacce arha a ofis. In kuma na sama da kai ya ba ka umarnin da ka san zai jawo ɓarna, ka sa mai gidan a cikin saƙon tun farko, don bayan ta ɓaci ba mai sauraron hujja.

Na ji an ce ƙanin matar ya sake zuwa da filashi makon jiya. Wanda ya gaje ni, kwafin ƙarshe mai tsafta yana cikin Google Drive na ofis, kalmar sirrin kuma a hannun Alhaji na bar ta, ba a hannun manaja ba.