Ni da kyamarata a Cediya Shida

Kwana tara na yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ko Gwanzo kamar yadda 'yan kasuwarmu ke faɗa, ina jiran kayan da aka ce mini kwana huɗu za su yi. Kullum na kira mai masana'antar sai ya ce gobe. Wanda ya taɓa zaman unguwar Xiaobei ya san irin wannan jira: ka ci abinci a wani ɗan ɗaki can saman bene, ka sauko ku gaisa da 'yan Mali da 'yan Gini a bakin titi, ka koma masauki kana lissafin kuɗin ɗaki. A rana ta goma ɗan yayata, wanda ke karatu a can, ya same ni ina goge wata kyamara da na saya tun zuwana na farko, wadda ba ta taɓa ɗaukar komai ba sai kwalayen kaya.

"Kawu, tashi mu fita. Wannan kyamarar ma ta gaji da kwali."

Da ya ce wurin bautar mabiya Buda zai kai ni, na ɗan yi jim. Na ce to ai gini za mu gani, ba bauta za mu yi ba. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauka a tashar Gongyuanqian, sauran muka taka da ƙafa cikin wani zafi mai gumi wanda ko Legas albarka. Tun kafin mu isa, titin ya fara ba da labari: shago bayan shago na tsinken turare, carbi irin nasu, da ƙananan gumaka a jere cikin gilashi kamar kayan ɗakin amarya.

Sunan wurin Liurong, wato itatuwa shida na wani iri da ke dangin cediya, mai saiwoyi masu saukowa daga reshe. Ni dai Cediya Shida na laƙaba masa. An fara gina shi a shekarar 537 miladiyya, kafin haihuwar Manzon Allah (SAW) da shekara talatin da 'yan kai. Sai da na sake lissafin a zuciya sau biyu. Sunan kuwa daga baya ya zo. A shekarar 1100 wani mashahurin mawaƙin ƙasar Sin mai suna Su Shi, yana dawowa daga tsibirin Hainan inda sarki ya kore shi, ya yada zango a nan, ya ga itatuwa shida, ya ɗauki alkalami ya rubuta haruffa biyu, Liu da Rong, waɗanda suka zama sunan wurin. Shekara ɗaya bayan haka ya mutu. Itatuwan da ya gani sun daɗe da bin sa, waɗanda ke tsaye yanzu dashe ne na baya, amma haruffan nan biyu suna nan a saman ƙofa. Su na fara ɗauka.

A bakin zauren farko akwai dokin ƙofa mai tsayi, ya kusa kai ƙauri. Na ɗaga ƙafa zan taka, yaron ya riƙo hannuna.

"Kawu, ba a takawa. Tsallakewa ake yi."

Na tsallake. Ciki ga wani ƙaton gunki mai tumbi, baki har kunne don dariya, irin wanda muke gani a kan kanta a shagunan Sinawa. Da can na ɗauka shi ne Buda. Ashe ba shi ba ne. Shi Buda ɗan sarki ne mai suna Siddhartha Gautama, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Wannan mai tumbin wani sufin addinin Buda ne ɗan Sin da suke kira Budai.

Daga zauren muka faɗa tsakar gida, sai ga hasumiya ta tokare sama. Hasumiyar Fure suke ce mata, saboda bakin rufin kowane hawa ya lanƙwashe sama kamar furen da ya buɗe. Kusurwa takwas gare ta, ja da fari, tsayinta mita 57 da ɗoriya. Daga waje hawa tara za ka ƙirga, amma a ciki 17 ne. Wadda ke tsaye yanzu ginin shekarar 1097 ce, bayan gobara ta ci ta farko.

Nan fa aiki ya same ni. Tsakar gidan ba ta da faɗi, gari ya matse wurin ta ko'ina. In na kama gindin hasumiyar sai kanta ya fita, in na kama kan sai gindi ya yanke. Na ja da baya har bayana ya daki bango. Na karkata kyamara, sai ga benen mutane ya shigo hoton, da na'urorin sanyaya ɗaki da shanyar wanduna a baranda. Na koma ɗaya gefen, rana ta haske mini ido, hasumiyar ta fito baƙa ƙirin. Daga ƙarshe na tsuguna dab da gindinta, na ɗaga kyamara sama sak, rufin nan tara suka hau kan juna suna tsukewa har suka ɓace cikin fari. Gwiwata ta yi ƙara da zan miƙe, yaron ya juya baya yana dariya a ɓoye. Ban kula shi ba. Abin mamaki, da na dawo gida, hoton da ya fi tsaya mini a rai shi ne mai shanyar wanduna ɗin nan, domin haka wurin yake: ginin shekara dubu, maƙwabcinsa na shanya wanki.

Bayan hasumiyar akwai babban zaure mai gumakan tagulla uku a zaune, kowanne mita 6, an zuba su a shekarar 1663. A gabansu an jera lemo da tuffa da furanni. Wasu sufaye masu aski ƙwal, cikin doguwar riga, suna rera karatunsu, ɗaya na buga wani ƙoƙon katako mai siffar kifi, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba ya sauri ba ya jinkiri. Hayaƙin turare daga wani ƙaton kasko a waje yana ratsa hasken da ke shigowa ta ƙofa. Duk mai kyamara ya san irin wannan haske ba kullum ake samu ba.

Wata tsohuwa ce ta shigo gabana. Ta ajiye jakar cefane, ganyen albasa na leƙowa daga ciki, ta durƙusa a kan matashi da ƙyar, ta haɗa tafukan hannu, ta kai goshi ƙasa. Na ɗaga kyamara, na daidaita ta a tsakiya, yatsana na kan maɓalli. A cikin gilashin na ga leɓenta na motsi, na ga kafaɗarta na ɗan girgiza. Kuka take yi. Sai na tuna wata Juma'a a Kano, da wani Bature ya tsaya a gefen sahu yana ɗaukar mu muna sujada, da yadda raina ya ɓaci har na kasa sauraron abin da liman ke karantawa a raka'a ta biyu. Abin da take bauta wa ba nawa ba ne, kuma ban ji ko ɗar game da nawa ba. Amma na sauke kyamarar. Wani dattijo mai shara da ke kallona tun ɗazu ya nuna mini wani ɗan allo a jikin ginshiƙi, hoton kyamara ne da jan layi a kai. Dama ma an hana. Na dafa ƙirji na ɗan rusuna, shi ma ya gyaɗa kai ya ci gaba da shararsa.

Azahar ta kawo jiki, muka fita muka yi kudu da ƙafa. Tafiyar ba ta kai ta gajiya ba sai ga mu a titin Guangta, bakin masallacin Huaisheng. Shi ma da hasumiyarsa, mita 36, amma ita sumul take, ba rufi ba ado, kamar an kafa ƙaton alli. Musulmin garin suna danganta masallacin da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake littattafan tarihinmu sun ce a kusa da Madina ya rasu aka binne shi a Baƙi'a. Na yi alwala, ina jin ƙamshin turaren can bai bar rigata ba. Wani tsoho mai farar hula da ɗan gemu ya matsa mini a sahu.

Muna fitowa na ja da baya zan ɗauki wannan hasumiyar ita ma, ita ma ta ƙi shiga. Ina cikin neman inda zan tsuguna waya ta yi ƙara a aljihu. Mai masana'anta ne. Yaron ya karɓa, suka yi yarensu, ya miƙo mini wayar.

"Kawu, ya ce gobe."