Kalmar da ta watsa mini taro a Nima

Shekara shida ina bin dokar da za ta yi wa ma'aikatan jin daɗin jama'a rajista da lasisi a Ghana, kuma ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis. Abokan aiki sun ce in bar wa na baya abin da na koya. Da na zauna rubutu, duk abin da na ɗauko sai ya mayar da ni wani yammacin Asabar a unguwar Nima da ke Ankara, babban birnin ƙasar.

Wanda ke cikin aikin ya san abin da muke nema. Nas tana da hukumarta, likita da mai harhaɗa magani haka, masu ilimin halayyar ɗan Adam ma sun samu tasu a doka mai lamba 857 ta 2013. Mu ma'aikatan jin daɗin jama'a kuwa, Dokar Yara ta 1998 ta ba mu kujera a kotun iyali, dokar shari'ar ƙananan yara ta 2003 ta ce alƙali ya duba rahotonmu kafin ya yanke wa yaro hukunci, amma babu rajistar da ke ɗauke da sunayenmu, babu lasisin da za a ƙwace idan ɗayanmu ya ci amana. Kowa na iya buga kati ya ce shi ma'aikacin jin daɗin jama'a ne. Na san wani da aka rufe masa gidan marayu, bayan an gano yawancin yaran iyayensu na nan da rai, tara su ya yi don Turawa masu ziyara su ji tausayi. Bai yi wata uku ba ya ɓulla a wata gunduma da katinsa a wuya. Mutumin nan shi ne a raina duk lokacin da na buɗe baki kan dokar, kuma wannan ne ya ja mini.

Shugabana ya ce takardar kokenmu tana buƙatar sa hannun mutanen Zango: limamai, sarakuna da magajiyoyi. Ni kaɗai ce mai jin Hausa a ofis, ga shi a Nima aka yanke mini cibiya, don haka aka miƙo mini takardar bayani da Turanci ana saura kwana uku. Da dare na juya ta. Akwai wata kalma a ciki da ake nufin masu aikin da ba su karanta ba, ni kuma na sa mata "sojan gona", har ina jin daɗin na samo wadda ta zauna daidai.

A farfajiyar wata Islamiyya muka taru bayan La'asar. An jera bencina, an raba ruwan leda, Liman yana gaba da wakilin Sarki, mata suna gefe sun kewaye Magajiya. Magajiyar nan ita ta riƙe ni ranar sunana. A zaurenta 'yan matan da ke dakon kaya a kasuwar Agbogbloshie suke kwana idan ruwa ya kore su daga bakin shaguna, kuma ban san adadin auren da ta ɗinke a tsakar gidanta ba tare da ta karɓi ko sidi ɗaya ba. Na miƙe na yi bayani tiryan-tiryan, har na zo inda na ce, "Idan dokar nan ta fito, duk mai sojan gona da ke taɓa sha'anin marayu da matan da aka kora alhali ba shi da takarda, zai gamu da hukuma."

Ta ɗaga hannu a hankali. "'Yata, dakata. Yaran da ke kwana a zaurena, takardar wa na nuna kafin in shimfiɗa musu tabarma? Ashe ni ce sojan gonar?"

Amsar a bakina take. Da na ce, "A'a Mma, ba ke ba, wane ni," na kawo labarin mai katin nan, da an wuce wurin. Amma sai karatun jami'ar Legon ya riga ladabin gida fitowa. Na ce, "Mma, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba, aikin yana son horo."

Har yau ina ganin yadda ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Babu wanda ya yi mini tsawa, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Liman ya gyara zama ya ce, "To Malama, mun ji. Za mu yi shawara." Ɗan Zango ya san ma'anar wannan. Ya shafa fatiha, aka watse. Sunaye huɗu na samu a takarda, biyu 'yan gidanmu ne.

Ranar Litinin shugabana ya faɗa a taron ofis cewa dama mutanen Zango ba su fahimci doka ba, a rahoto kuma ya rubuta wai al'umma ba ta shirya ba. Daga baya, a gaban masu ba da tallafi, ya juya ya ce ma'aikaciyar da aka tura ce ba ta ƙware ba. Ta biyun na haɗiye ta, don akwai gaskiya a ciki, ko da yake shi ya ba ni kwana uku kuma bai taka ƙafarsa wurin ba. Ta farkon ce ban yafe ba, kuma ban yafe wa kaina shirun da na yi a kanta ba. Mutanen nan sun fahimci abin da na faɗa sarai. Abin da na faɗa ne ba daidai ba.

Sai daga baya na karanta yadda ta kaya a Nijeriya. A farkon 2018 Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a kan irin wannan doka, dalilinsa kuwa shi ne ba a fayyace iyakar aikin da za a hana waɗanda ba 'yan rajista ba su yi. Sai a Disambar 2022 ya sa hannu. Tambayar da ta tsayar da doka kusan shekara biyar a Abuja, ita ce tsohuwar nan ta yi mini a kan benci, ita da ba ta taɓa ganin daftarin ba. Mu da muke ta taron bita a otal-otal na Ankara ba mu zauna mun amsa ta a tsakaninmu ba.

Mahaifiyata ce ta ƙulla mini goro ta ce in je. Zuwan farko Magajiya ta amsa gaisuwa ta ci gaba da jan carbinta. Na biyu ta sa aka kawo mini koko. A na uku ne ta yi magana, kuma ba a kan kanta ba. Ta ba ni labarin wata yarinya da ta zo mata da tsakar dare fuska a kumbure, ta kai ta inda ya kamata, wani jami'i ya nemi kuɗin mota kafin ya motsa, da aka ba shi kuma ya je ya faɗa wa mijin inda take. Ta ce, "Ke 'yata, idan ɗan soshal ya yi haka, wurin wa zan kai ƙara?"

Wannan ita ce dokar gaba ɗaya, ni kuma na shekara uku ina tallata ta ta baya. Ina nuna ta kamar shingen da zai kare mana sana'a, alhali linzami ce da muke roƙo a sa mana a baki. Ba riƙon maraya muke son a hana ba, wannan tun kafin Bature ya buɗe makarantar aikin a unguwar Osu ake yin sa a Zango. Muna son wanda ya ɗauki sunan aikin, ya shiga gidan mutane da ikon hukuma, ya rubuta rahoton da zai raba uwa da ɗanta, a san shi, a san inda ya yi karatu, a kuma iya tuɓe shi. Da wannan bakin na koma, ita da kanta ta kira mata. Shafi goma sha ɗaya muka cika, Liman ya sa nasa da ajami. Shugabana ne ya miƙa takardar a ma'aikatar jinsi da yara, hotonsa ne ya fito. Waɗanda suka sa hannu dai sun san ƙofar wa aka ƙwanƙwasa.

Sauran darussan gajeru ne. Ku karanta sashe na 108 na tsarin mulkin 1992 kafin ku ɗora buri a kan wani ɗan majalisa mai kirki: dokar da za ta ci kuɗin baitulmali sai ta fito ta hannun gwamnati, ma'ana sai ma'aikata ta kai wa majalisar ministoci, sai ofishin Antoni Janar ya tsara ta. Ku tuna ma'aikatanmu na gundumomi suna ƙarƙashin hukumar ƙananan hukumomi, manufa kuma tana ma'aikatar jinsi da yara, don haka ƙofa biyu za ku bi, kowacce tana iya cewa ta ɗayar ce. Minista yana canzawa, daraktan da ke riƙe da fayil yana nan, shi za ku sani. Tattakin Talata ta uku ga Maris, ranar aikinmu ta duniya, yana da daɗi, amma ban ga riga mai tambari ta motsa fayil ba. Kada jinkiri ya karya muku gwiwa, dokar 'yancin samun bayanai ta kusa shekara ashirin kafin ta fito a 2019. Majalisar dokoki ta takwas ta tashi ranar 6 ga Janairun 2025 ba tare da tamu dokar ta fito ba. Kuma kada wanda ba zai je taro ba ya rubuta muku abin da za ku faɗa a can.

Kwafin sa hannun yana durowa ta biyu, cikin farin ambulan. Wanda ya gaje ni ya fara zuwa gaishe da Magajiya kafin ya kira kowane taro. Bayan Magariba take samun zama, kuma gwiwa tana damunta yanzu, kada a sa ta fito.